Rage Ci Ga Mai Ciwon Sukari: Har Yaushe?

A taron ƙarshen shekara na ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu, bayan an gama lissafin bashin taki an rufe da addu'a, sai ma'ajin ƙungiyar ya ja ni gefe. Dattijo ne mai shekara kamar 55, mai shanun noma da injin niƙa, cikakken mutum a jiki da kuma a idon jama'a. Ya ce mini, "Ɗana, an auna ni a asibiti an ce ina da ciwon sukari. Sun ba ni ƙwayoyi, sun ce in rage ci. To, har yaushe zan rage?" Na ce, "Baba, sai a bi abin da likita ya faɗa." Amsar mai gudun magana ke nan, ni ma na sani. Ba mu ko gama ba sai ga mata sun kawo abinci, aka ajiye masa malmala biyu manya da kwalbar lemo, gama shi babba ne. Ya cinye. Ni ma na cinye nawa, ban ce uffan ba.

Tun daga ran nan tambayar ba ta bar ni ba. Ni malamin gona ne, ba likita ba. Amma tun da ya ke abincin da a ke magana a kansa mu ne mu ke noma shi, mu ne kuma mu ke ajiye wa juna shi a wurin taro, na ga bai kamata in sake kauce wa maganar ba. Na karanta abin da na samu, na kuma tambayi ma'aikatan lafiya. Ga ra'ayina, 'yan'uwa. Rage ci magani ne na gaske ga ciwon sukarin manya, ƙarfinsa ya fi yadda yawancinmu mu ke zato. Amsar tambayar Baba kuwa ita ce, har iyakar rai. Saboda haka ne na ke ganin mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan kaya ba, sai gidansa da ƙungiyarsa sun kama masa.

Bari mu soma da yadda ciwon ya ke. Ciwon sukari iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne wanda likitoci ke kira iri na 2, mai kama manya. Cikin masu ciwon 10, wajen 9 shi ne da su. Duk tuwon da muka ci, na dawa ne ko na masara ko na shinkafa, ciki yakan narkar da shi ya zama sukari ya shiga jini. Akwai wata tsoka a bayan tumbi da a ke kira fankiriyas, ita ke fitar da wani ruwa mai suna insulin, wanda ke buɗe wa sukarin hanya ya shiga naman jiki ya zama ƙarfi. Abin da jiki bai ƙone ba sai ya mai da shi kitse ya ajiye. Kowane mutum kuwa da girman rumbunsa. In rumbun da ke ƙarƙashin fata ya cika, sai kitsen ya soma taruwa inda bai kamata ba, watau a hanta da fankiriyas. Hanta mai kitse ba ta jin maganar insulin, sai ta yi ta zuba sukari cikin jini ko da mutum yana barci. Fankiriyas mai kitse kuma sai aikinta ya yi rauni. Daga nan sai ƙishirwa, da yawan fita fitsari da dare, da kasala, da gani dishi-dishi, da miki a ƙafa wanda ya ƙi warkewa.

Kamar yadda mu ke auna hatsi da mudu, haka masana ke auna ƙarfin da ke cikin abinci da wani ma'auni da su ke kira kalori. Namijin da ke wuni a zaune a shago yana bukatar kamar 2,000 zuwa 2,500 a yini. Mai riƙe da fartanya tun safe har la'asar yakan bukaci 3,000 ko fiye. Rage ci, a bakin likita, shi ne mutum ya ci ƙasa da abin da jikinsa ke ƙonewa, har jikin ya koma cin kitsen da ya tara.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Wannan sani ba na jiya ba ne. A 1870, sa'ad da sojojin Jamus suka kewaye birnin Paris abinci ya yanke, wani likitan Faransa mai suna Apollinaire Bouchardat ya lura sukari ya ɓace daga fitsarin waɗansu majinyatansa. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, wani likitan Amurka, Frederick Allen, yana jinyar masu ciwon da yunwa zalla. Waɗansu sun sami ƙarin kwana, waɗansu kuwa yunwar ce ta kashe su. A ƙasar Kyuba kuma, bayan Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, abinci da man fetur suka yi wuya, mutane suka koma tafiya a ƙasa da hawan keke. Cikin 'yan shekaru babban mutum ya rage kamar kilo 5, masu kamuwa da ciwon sukari suka ragu ƙwarai. Amma a cikin wannan ƙunci ne mutane wajen 50,000 suka kamu da ciwon jijiya da na ido saboda rashin abinci mai gina jiki. Da wadata ta komo, ƙiba ta komo, ciwon sukari ya biyo ta. Na kawo waɗannan ne domin kada wani ya ce malamin gona yana yi wa yunwa kirari. Mu da muka san watan Agusta a shekarar da rumbu ya ƙare da wuri ba ma bukatar a gaya mana ko mece ce yunwa.

Gwajin da ya sāke tunanin likitoci an yi shi ne a Ingila. A 2011 Farfesa Roy Taylor na jami'ar Newcastle ya sa mutum 11 masu ciwon iri na 2 su ci abinci ɗan kaɗan ƙwarai har mako 8. Cikin mako guda sukarin jininsu na safe ya sauko daidai da na mai lafiya, kitsen hantarsu kuma ya soma narkewa. Daga baya shi da Farfesa Mike Lean na jami'ar Glasgow suka yi babban bincike mai suna DiRECT, da mutane wajen 300 a ƙananan asibitoci 49. Aka raba su gida biyu. Rabi suka ci gaba da jinya yadda aka saba. Rabi kuma aka ɗauke musu ƙwayoyin sukari, aka sa su kan wani abinci na sha da aka haɗa musamman, mai kalori kamar 850 a yini, har wata 3 zuwa 5, sa'an nan aka mai da su kan abinci a hankali, ma'aikacin lafiya yana ganinsu a kai a kai.

Da aka buga sakamakon a 2017, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka rage wa ci sukarinsu ya sauka ƙasa da iyakar ciwon bayan shekara guda, ba tare da ƙwaya ba. A ɗaya rukunin kashi 4 ne kawai. Abin ya bi yawan nauyin da aka zubar. Waɗanda suka rage kilo 5 zuwa 10, kashi 34 suka sami haka. Waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86. Cikin waɗanda nauyinsu ya ƙaru kuwa, ko mutum ɗaya babu. Ciwon da aka daɗe a na cewa sai dai ya yi ta gaba, ashe yana iya ja da baya.

To, amma a karanta labarin har ƙarshe. Bayan shekara 2, kashi 46 ɗin nan ya koma 36. Bayan shekara 5, bisa ga rahoton da aka buga a 2024, cikin waɗanda aka ci gaba da lura da su kashi 13 ne kaɗai ciwonsu ke kwance har lokacin. Sauran nauyin ya komo musu a hankali, ciwon ya biyo baya. A Amurka ma an yi wani dogon bincike mai suna Look AHEAD da mutum 5,145, daga 2001 zuwa 2012, inda aka sa rabinsu cin kalori 1,200 zuwa 1,800 da motsa jiki. A shekarar fari sun rage kusan kashi 9 cikin 100 na nauyinsu, a ƙarshe ya tsaya wajen kashi 6. Sukarinsu ya yi kyau, bukatar magani ta ragu, ciwon ƙoda mai tsanani ya ragu, amma ciwon zuciya da shanyewar jiki ba su ragu fiye da na ɗaya rukunin ba. Ku tuna fa, waɗannan mutane ne da ke da likita kusa, da mai ba da shawara kyauta, da sikeli a ɗaki.

Dalilin komowar nauyin ba ragwanci ba ne kawai. In mutum ya rame, jikinsa yakan ɗauka fari aka shiga. Sai ya ƙara masa jin yunwa, ya kuma rage ƙone abinci, kuma yakan daɗe a haka fiye da shekara. Ƙaramin jiki kuma ƙaramin abinci ya ke bukata, don haka wanda ya koma kan kwanonsa na dā zai koma jikinsa na dā. Farfesa Taylor yakan shawarci wanda ya zubar da nauyin ya riƙa cin kamar kashi uku cikin huɗu na abin da ya saba ci, ya zauna a kan haka. Shi ya sa likitoci ba sa cewa ciwon ya warke, sai su ce ya kwanta. Mu manoma mun san irin wannan kwanciya. Gonar da wuta-wuta ta taɓa kamawa, ko ka tsige ta kakaf bana, 'ya'yanta suna nan cikin ƙasa fiye da shekara goma, suna jiran ka sake shuka dawa a kan dawa.

Wani zai ce, in haka ne ai wahalar banza ce, gara a sha ƙwaya a ci abin da aka samu. Ban yarda ba. Kowace shekarar da sukari ya yi a ƙasa, shekara ce da ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa suka huta. Wanda ciwonsa bai kwanta duka ba ma, in ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, watau kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, sukarinsa da hawan jininsa sukan yi sauƙi, kuɗin magani ya ragu. Ƙwaya kuma ba ta iya tare tuwon da ya wuce kima. Sai dai a yi ta ƙara ta, daga ɗaya zuwa biyu, daga biyu zuwa allura. Akwai sababbin allurai irin su Ozempic masu rage sha'awar abinci, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, kuma in an daina su nauyin yakan komo.

A kwanonmu

Ba na ba kowa shawara ya kwaikwayi gwajin Ingila a ƙauye. Abincin shan da suka yi amfani da shi an haɗa masa dukan abin da jiki ke bukata, likita kuma yana tsaye a kansu. Wanda ya ce zai yi haka da koko zalla, kansa zai cuta. Abin da ya dace da mu shi ne ragi matsakaici wanda mutum zai iya riƙewa shekara da shekaru. Ga ɗan lissafi. Garin masara ko na dawa gram 100 yana da kalori kamar 360. Malmala biyu da suka ci gari gram 250 sun kai 900 ke nan, ban da miya. Babban cokali ɗaya na man ja ko man gyaɗa kamar 120 ne. Kwalbar lemo ta santilita 35 takan ƙunshi sukari ƙaramin cokali 8 ko 9, kalori wajen 150. In mutum ya bar lemon, aka rage cokali biyu daga man da ke shiga rabonsa, ya cire kashi ɗaya cikin huɗu na tuwon, ya rage fiye da 600 a yini bai tsallake cin abinci ko sau ɗaya ba. Irin wannan ragi yakan zubar da kamar rabin kilo a mako a farkon tafiya.

Gurbin da aka bari a ciki sai a cike shi da abin da Allah ya ba mu a bayan ɗaki: zogale, rama, yakuwa, alayyahu, ganyen wake, kuɓewa, gauta, kabeji. Ganye yana cika ciki da kalori kaɗan. Wake kuma yana riƙe mutum, ba ya ɗaga sukari da sauri kamar tuwo. A raba kwano a ido: rabi ganye, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai, sauran tuwo kamar dunƙulen hannun mai ci. Kwaɗon zogale abinci ne mai kyau, sai dai a yi hankali da ƙuli-ƙuli da man da a ke zuba masa, gama gyaɗa gram 100 ta haura kalori 550.

Akwai kuskuren da na ke gani kusan kowane gari. Da an ce mutum yana da sukari, sai a bar dawar da ke rumbu a tafi kasuwa sayen garin alkama ko acca da tsada, sa'an nan a tuƙa masa malmala uku, wai ai wannan ba ya yin kome. Acca hatsi ne mai kyau, ina ƙarfafa nomanta, amma kalorinta kusan ɗaya ne da na sauran hatsi, haka ma alkama. Tuwon dawa da ba a surfe ta har ta yi fari fat ba, in an ci shi da awo, ya fi tulin tuwon alkama. Waɗansu kuma su ce tun da ciwon na zaƙi ne, ɗaci ne maganinsa, sai a yi ta ɗirkar ruwan shuwaka da na dogon yaro, a ci gaba da cin abin da aka saba. Shuwaka a miya ba laifi, amma ɗaci a baki ba ya narkar da kitsen hanta. Zuma ma sukari ce. Lemon malt da mu ke kai wa majinyaci gaisuwa cike ya ke da sukari. Kunun zaƙi, da fura da aka zuba wa sukari, da zoɓo mai zaƙi, ba sa ƙosar da mutum kamar abin taunawa, shi ya sa a ke shan su da yawa ba a sani ba. Burkutu ban ce kome ba, tun da mun ce ba ma sha.

Yanzu ga gargaɗi, ina roƙon sakatarori su karanta wannan wuri da ƙarfi. Ba kowane mai ciwon sukari ya kamata ya rage ci ba. Yaro ko matashin da ciwon ya kama farat ɗaya, yana ramewa, yawanci iri na 1 ne. Jikinsa ya daina yin insulin, allura ce ransa, rage ci ba zai maye gurbinta ba. Mace mai ciki ko mai shayarwa sai da shawarar asibiti. Akwai kuma wani iri da ya shafe mu ƙwarai, na mutanen da suka tashi cikin rashin abinci tun suna ƙanana, suka girma a rame, fankiriyas ɗinsu ba ta yi ƙarfi ba. An fara bayyana shi a Jamaika a 1955, kuma a watan Afrilu na 2025, a taronta na birnin Bankok, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince a kira shi iri na 5. Irin wannan mutum ba shi da kitsen da zai zubar. In ka hana shi abinci ka ƙara masa ciwo. Na taɓa ganin wata gwauruwa, siririya kamar kara, da 'ya'yanta suka hana ta tuwo wata da watanni saboda ƙauna, har tafiya ta gagare ta.

Wannan ba ya nufin sai mai tumbi ƙato ne ragi zai amfana. Farfesa Taylor ya sake gwadawa da mutum 20 masu iri na 2 waɗanda ba su da ƙiba a ido, 14 daga cikinsu ciwon ya kwanta bayan sun rage nauyi kaɗan. Amma sai da aka tabbatar da irin ciwonsu tukuna. Saboda haka awo ne farko. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi: a auna tsawon mutum da igiya daga ƙafa zuwa ka, a ninka igiyar biyu, a zagaya ta a cikinsa ɗan sama da cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Mai shan magani kuma kada ya rage ci da yawa sai ya gaya wa wanda ya rubuta masa maganin. Metformin shi kaɗai ba ya cika faɗar da sukari ƙasa da kima. Amma glibenclamide, wanda mutane da yawa suka sani da sunan Daonil, da allurar insulin, suna ci gaba da aiki ko an ci ko ba a ci ba. Mutum ya sha ƙwayar da safe, ya tafi gona bai karya ba, sai rawar jiki, da gumi mai sanyi, da jiri, da magana kamar ta mashayi, har ya faɗi a kunya babu kowa kusa. Mai irin wannan magani ya riƙa tafiya da ƙwayar sukari uku ko huɗu a aljihu, abokan aikinsa kuma su san dalili. Maganar nan ta shafi azumin da ikilisiyoyi da yawa ke yi a farkon shekara. Mai ciwon sukari ya ga ma'aikacin lafiya kafin ya shiga, dattawa kuma kada su sa shi jin kamar bangaskiyarsa ce ta kasa. Wanda aka yi masa addu'a ya ji sauƙi, mu gode wa Allah tare da shi, sa'an nan ya je a auna jininsa kafin ya ajiye ƙwaya.

Lokacin ragi ma abin dubawa ne. Mai noma da hannunsa a watan Yuni da Yuli yana ƙone abin da ya ci, bai kamata a matsa masa ba. Matsalar tana zuwa ne bayan kaka. Rumbu ya cika, aiki ya ƙare, ga Kirsimeti, ga bukukuwan aure, ga bikin godiya, mutum yana zaune a inuwa yana cin kwanon damina. Daga Disamba zuwa Afrilu ne ya kamata a ja hannu. Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya, noman ma ya sāke. Maganin feshi ya karɓi rabin aikin fartanya, babur ya karɓi na keke, injin niƙa ya karɓi na dutse da turmi. Ni na koya wa mutane da yawa yin feshi, ban kuwa yi da-na-sani ba. Amma aikin ya ragu, malmala ba ta ragu ba. Waɗanda ƙungiya ta fi taimaka wa, masu ɗaukar 'yan ƙwadago, su ne na fi jin ciwon a bakinsu.

Abin da ya fi yunwa wuya

Da na koma wurin Baba ma'aji bayan wata huɗu, ya gwada ragin ya bari. Ba yunwa ce ta kā da shi ba. Ya ce da ya soma faɗawa, mutane suka riƙa yi masa sannu a bakin majami'a, wani ya tambaye shi ko ƙungiya ta karye ne. 'Yan'uwansa mata suka zo suka yi wa matarsa faɗa, wai ta bar ɗan'uwansu da yunwa. Ita kuwa, don ta wanke kanta, ta ƙara masa tuwo. A wurinmu ƙiba alamar rufin asiri ce, rama kuwa ko talauci ko mugun ciwo. Ga kuma al'adar baƙunci. Mai bishara ko dattijon da ya ziyarci gida biyar ran Lahadi, gida biyar za a ajiye masa abinci, in ya ƙi an ce ya raina. Ga cin abinci a kwano ɗaya, inda ba wanda ya san iyakar abin da ya ci. Mukan ji wa'azi a kan Daniyel da abokansa da suka ci ganye suka sha ruwa, gwajinsu kuwa na kwana 10 ne. Baba shekara 10 ko 20 a ke nema daga gare shi, a tsakiyar mutanen da ke nuna ƙauna da cika kwano.

A nan ne na ga aikin ƙungiya. Abin da ya riƙe mutanen Ingila da suka daɗe a kan hanya shi ne a kai a kai wani yana auna su, yana tambayarsu, in nauyi ya soma hawa a tare shi tun yana kilo biyu. Ba mu da likita a kowane ƙauye, amma muna da taron wata-wata, da littafi, da sakatare, mun kuma saba bin juna bashi cikin zumunci. Ƙungiyar da ta iya sayen sikelin auna buhu za ta iya sayen na auna mutum. Za ta iya sayen na'urar awon sukari da 'yan takardunta, ta roƙi ma'aikacin lafiya na asibitin da ke kusa ya riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata uku. Sukarin safe kafin a ci kome, in ya kai 126 a ma'aunin da yawancin na'urorin nan ke nunawa, ko 7 a ɗaya ma'aunin, sai a tura mutum asibiti a tabbatar. In ya sauka ƙasa da 70, ya yi ƙasa da yawa. A Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba, don haka kada mu yi mamakin abin da awon farko zai nuna. Abin da aka rubuta kuwa asiri ne tsakanin mutum da mai awo, ba a karanta shi a gaban taro kamar sunayen masu bashi.

Za a ce kuɗin ƙungiya na taki da iri ne. Na ji. Amma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibiti aka yanke masa ƙafa ya san shanun noma nawa ke tafiya a wannan hanya, ya kuma san bashin ƙungiya ne abu na ƙarshe da gidan zai iya biya.

Sauran abubuwan ba sa cin ko kwabo. Mu daina sayar da wake kakaf a kaka mu bar wa gida masara zalla. Kowace ƙungiya mai lambun rani ta ware kwami na ganyen gida, kada duka ya zama albasa da tumatir na kasuwa. Zumuntar mata ta ɗauki maganar nan, gama ludayi da muciya a hannunsu su ke, su ne kuma a ke zagi in maigida ya faɗa. A ba mai ciwon kwanonsa dabam ba tare da an mai da shi bare ba, miyar kuwa ɗaya ce da ta kowa. Pasto ya faɗa daga bagade cewa wanda ya ce "na gode, ya isa" bai raina kowa ba. A taronmu kuma, a daina auna girman mutum da yawan malmala da kwalba. Ruwa mai sanyi da zoɓo marar sukari sun isa a tari baƙo, kuɗin akwatin lemo biyu ko uku a tara a sayi takardun awo.

Na riga na yi magana da shugabannin ƙungiyoyi uku a yankina, biyu sun yarda a sa maganar cikin ajandar taro mai zuwa, ɗaya ya ce sai ya shawarci dattawa. A zagayena na bayan kaka zan zo da sikeli da igiya a bayan babur, tare da ma'aikaciyar lafiya inda ta sami zarafi. Wanda ke so a auna jininsa ya zo da sassafe kafin a buɗe taro, kada ya ci kome tun daren jiya sai ruwa, ya kuma zo da ƙwayoyin da ya ke sha a cikin kwalinsu, da abin da zai karya da shi da an gama awon.